Ƙasar da Muke Nomawa Ta Girmi Noma

Mahaƙa rijiya a ƙasar Zazzau, ko Funtuwa, ko kudancin Kano, sun san abin da za su tarar tun kafin su kafa diga. Taƙi ɗaya ko biyu na farko ƙasa ce mai duhu-duhu, cike da saiwoyi. Daga nan sai jar ƙasa mai danƙo. A wani wurin a ci karo da marmara, wadda sai an yi da gaske ake huda ta. In an wuce ta sai a faɗa cikin wani abu mai ɗaure kai: a ido dutse ne, da zanensa da ƙyalƙyalinsa, amma kana damƙarsa sai ya marmashe a hannu. Ruɓaɓɓen dutse ke nan, kuma galibi a cikinsa ake samun ruwa. Akan yi gaba goma ko fiye ana haƙarsa kafin diga ta yi ƙara ta dawo, alamar an isa tsayayyen dutse.

Duk wanda ya bi bangon rijiyar nan da ido daga gindi zuwa baki ya ga yadda dutse ke komawa ƙasa. Abu biyu ne bangon ba zai gaya masa ba. Na farko, tsawon zamanin da aikin ya ci. Na biyu, wani kaso na ƙasar da ke sama ba daga dutsen da ke ƙarƙashinta ya fito ba, kawo shi aka yi. Sai an fahimci waɗannan biyun ake gane cewa zaizayar ƙasa ta fi yadda muke ɗaukarta tsada.

Dutsen da ke shimfiɗe ƙarƙashin Kano da Kaduna da Zamfara da kudancin Katsina akasarinsa giranit ne da danginsa. Mafi yawansa ya samu siffarsa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, lokacin da manyan sassan doron ƙasa suka yi karo da juna, narkakken dutse ya daskare a hankali can ƙarƙashin ƙasa, zurfin kilomitoci. Duwatsun Jos ƙannensa ne, ba su kai shekara miliyan 200 ba galibinsu. A Sakkwato da Gwambe da Barno kuwa labarin daban ne: duwatsun can daga yashi da laka da suka kwanta a ruwa suka danƙare. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita a Sakkwato ragowar halittun wani teku ne da ya mamaye wurin wajen shekara miliyan 60 baya.

Dutsen da ya nuna a cikin zafi da matsi na ƙarƙashin ƙasa, in ya fito sarari ya haɗu da abin da bai saba da shi ba, wato ruwa da iska da halittu. Lalacewarsa hanya biyu take bi, tsagewa da ruɓewa. Tsagewa ita ce aka fi koyarwa a makaranta, wataƙila don ta fi sauƙin zanawa a allo. A ƙasashen sanyi ruwa ke shiga tsagar dutse ya daskare, ƙanƙara kuwa ta fi ruwa cin wuri da kusan kashi 9 cikin 100, sai ta buɗa tsagar. Mu nan ba mu da wannan. Abin da muke da shi shi ne saiwar ɓaure ko gamji da ke kutsawa cikin tsaga tana kauri, da gobarar daji, da sauke nauyi: dutsen da aka kwashe ƙasar da ta danne shi yakan saki jiki, bayansa ya riƙa ɓarewa falle-falle. Masu fasa dutse sun san amfanin zafi, shi ya sa suke hura wuta a kan falalen dutse kafin su sa guduma.

Zafin rana fa? An daɗe ana cewa dumamar rana da sanyin dare kaɗai sun isa su farfasa dutse. A 1936 wani masani Ba'amurke, David Griggs, ya jarraba. Ya yi ta dumama guntun giranit yana sanyaya shi, adadin da ya yi daidai da kwanakin shekara 244, bai ga dutsen ya yi komai ba. Da ya riƙa sanyaya shi da ruwa maimakon busasshiyar iska, nan da nan ya fara lalacewa. Binciken baya-bayan nan ya dawo wa rana da wani ɓangare na ƙimarta, don an ga tana taimakawa wajen tsawaita tsagar da ta riga ta samu. Amma darasin Griggs yana nan: babban ma'aikaci ruwa ne.

A yankinmu mai zafi ruɓewa ce ke da rinjaye, don haka ita ta cancanci a tsaya a kanta. In ka duba giranit da kyau za ka ga ba abu ɗaya ba ne. Akwai ƙwayoyi masu kama da gilashi, su ne kwaz. Akwai farare ko masu ja-ja, su ne felsfa, kuma su suka fi yawa. Akwai baƙaƙe masu ƙyalli, maika ke nan, wadda ke ɗauke da ƙarfe. Ruwan sama yakan sha iskar kabon tun a sama, ya ɗan yi tsami. In ya shiga ƙasa tsamin ya ƙaru, domin numfashin saiwoyi da na ƙananan halittu yana tara iskar kabon a cikin ƙasa ninkin-ba-ninkin wadda ke sarari. Wannan ruwa mai ɗan tsami, wanda harshe ma ba ya ji, shi ke cin felsfa. Yana zare mata fotasiyam da sodiyam da kalsiyam ya tafi da su, abin da ya rage ya zama farin yumɓu da ake kira kawolin, irin wanda ake haƙa a Ƙanƙara ta jihar Katsina. Ƙarfen da ke cikin maika ya haɗu da iska ya yi tsatsa, daga nan ƙasa ta sami jan launinta. Kwaz kuwa taurin kai gare shi, ruwa ba ya iya masa. Da abokan zamansa sun ruɓe sai ya zube ƙwaya-ƙwaya. Yashin da ke kwance a kogin Challawa, wanda tifofi ke kwasa ana gini da shi, kwaz ne da ya rasa abin da ke riƙe da shi.

Zafi yana hanzarta wannan aiki. A ƙiyasi, ƙarin digiri 10 yakan kusa ninka saurinsa. Haɗa zafi da ruwa da miliyoyin shekaru a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da ba ta da girgiza ko sababbin tsaunuka, sai ka samu ruɓaɓɓen dutse mai zurfin mita 20 ko 30.

Amma ruɓewar ba ta tafiya bai-ɗaya. Inda dutse ke da tsagogi da yawa ruwa na ratsa shi ta kowane gefe, ya ci shi da wuri. Inda ya zama dunƙule guda babu ƙofa, sai ruwa ya kewaye shi. Bayan zamani mai tsawo, in zaizaya ta kwashe ruɓaɓɓen da ke kewaye, dunƙulen ya fito fili ya tsaya shi kaɗai. Haka Kufena ta samu a Zariya, haka Kwatarkwashi, haka Dutsen Zuma da ke kan tsohuwar takardar naira 100. Ba tsirowa suka yi ba, ƙasar gefensu ce ta tafi ta bar su. Duwatsun nan masu kama da an ɗora wani kan wani a Riyom, da mulmulallun da ke cikin birnin Damagaram, a ƙarƙashin ƙasa aka mulmula su: ruwa ya fi cin kusurwa fiye da gefe, don ta fuska uku yake taso mata. Kuzar Jos ma ta wannan hanya ta zo hannu. Giranit ya ruɓe ya sake ta, ita kuwa nauyi gare ta ga ƙin ruɓewa, sai ruwa ya tara ta a kwaruruka, inda aka riƙa wanke ta tun kafin zuwan Turawa.

Marmara ita ce ƙarshen tafiya. Inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke hawa da damina ya sauka da rani, narkakken ƙarfe yakan taru a wani zurfi, yana jiƙewa yana bushewa. Muddin yana binne da ɗan laushinsa, amma ranar da ƙasar sama ta tafi rana ta buge shi, ya taurare ke nan, ba ya komawa. Dala da Goron Dutse a Kano hular marmara ce ta kare su, abin da ke kewaye da su ya zaizaye suka rage. Daga irin wannan dutse maƙeran farko suka samu tama, kuma masu binciken kufai sun samu shaidar narka ƙarfe a Dala tun ƙarni na 7. Faffaɗan tuddan Adar da na kewayen Yamai duk irin wannan hula suke sanye da ita. Marmara ta yi wa maƙeri rana, tana yi wa mai shimfiɗa hanya, amma manomin da ta fito a gonarsa ya shiga uku.

A nan akwai abin da ba a cika faɗa wa manomi ba. Ƙasar da ta daɗe tana ruɓewa ba ƙarfi take ƙarawa ba. Abincin shuka da ke cikin dutse ruwa ya wanke shi tun da daɗewa, abin da ya rage kamar dusar da ke saura a rariya ne bayan an tace gasara. Kawolin yumɓu ne mai raunin riƙo, ba ya iya kama sinadaran taki da kyau, tsatsar ƙarfe kuma takan ƙulle fosfaras ta hana shuka. Kwatanta da ƙasar tudun Biu ko ta wajen Panyam a Filato, wadda ta fito daga baƙin dutsen aman wuta da bai tsufa ba: har yanzu dutsen na sakin abinci. Mafi yawan ƙasar Hausa ba ta da wannan gata.

To me ya sa ake noma ta shekara ɗaruruwa ba ta mutu ba? Wani ɓangare na amsar yana cikin abin da iska ta kawo. Wajen shekara 20,000 baya an yi wani dogon fari, Sahara ta gangaro kudu da ɗaruruwan kilomitoci, tuddan rairayi suka rufe abin da yake yau Damagaram da Maraɗi da Daura da arewacin Kano da Haɗeja. Da ruwa ya dawo, ciyawa da itatuwa suka ɗaure tuddan suka kwantar da su. Jigawar da ake noma gero da gyaɗa a kai ita ce wannan tsohon rairayi. Kudu da nan, wajen Funtuwa da Zariya, ƙura mai laushi ce ta sauka ta lulluɓe tsohuwar jar ƙasa, kuma tana cikin abin da ya sa yankin ya yi suna a auduga da masara. A gabas, kimanin shekara 7,000 baya, Tafkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000 ko kusa da haka. Doguwar jigawar da ta ratsa Bama da Maiduguri tsohon bakin gaɓarsa ne, firgin da ake dasa masakwa a kai bayan damina kuma lakar da ruwa ya kwantar ce.

Har gobe ana kawowa. Hazon hunturu da ke sa mu tari akasarinsa daga ƙwarin Bodele yake tasowa, arewa maso gabas da Tafkin Chadi, gindin wancan tsohon tafki. Iska na matsowa tsakanin tsaunukan Tibesti da Ennedi ta share busassun ɓawon ƙananan halittun ruwa ta yi sama da su. Babu wuri guda a duniya da ya kai nan fitar da ƙura. Ƙurar na ɗauke da kalsiyam da fotasiyam da ɗan fosfaras, tana sauka a gonaki kyauta. Wani ma'auni da aka yi da tauraron ɗan'adam na Amurka, aka wallafa a 2015, ya nuna cewa ƙurar Sahara wajen tan miliyan 27 ke sauka a dajin Amazon duk shekara bayan ta tsallake teku. Mu da ke kan hanya muna samun rabonmu. Sai dai gonar da ke da ciyawa ko kara ko itace ce ke kama ƙurar. Wadda aka share ƙal, iskar da ta kawo ita ke ƙara gaba da abin, har da ribar ƙasar gonar.

Duk da haka marmashin dutse da ƙura ba su zama ƙasar noma ba sai rai ya shiga. Masanin da aka fi jingina wa asalin ilimin ƙasa, Vasily Dokuchaev na Rasha, a 1883 ya nuna cewa ƙasa halitta ce mai zaman kanta, ba tarkacen dutse kawai ba. Hans Jenny a 1941 ya jera abubuwa biyar da ke haifar da ita: dutsen asali, yanayi, halittu, kwanciyar wuri, da zamani. Manomin Maraɗi da ke bambanta jigawa da geza da fadama da fako yana aiki da ilimin nan ba tare da ya ji sunan kowa ba. Ya san ƙasar kan tudu daban da ta gangare, ta gangare daban da ta kwari, ko da dutse ɗaya ne a ƙarƙashinsu, domin ruwa na ɗebo laushin sama yana sauke shi ƙasa. Albarkar fadama daga asarar tudu take.

A Turai tana ce ke juya ƙasa, har Darwin ya rubuta littafi guda a kanta a 1881. A wurinmu babban aikin na gara ne. Muna tsine mata don tana cin azara da amfanin gona, amma ita ke haƙo yumɓu daga zurfi ta kawo sama, ita ke jan kara da ganye ta kai ƙasa, ramukanta kuma su ne ƙofofin da ruwa ke bi ya nutse. Manoman da ke farfasa tsohon suri su baza a gona sun san abin da suke yi. Ruɓaɓɓen ganye da saiwa da kashin dabbobi su ke ba taƙin farko duhunsa, su ke riƙe ruwa da sinadarai a madadin yumɓun da ya gaza. Matsalar ita ce zafinmu na cinye su da sauri. A yawancin gonakin Arewa ba su kai kashi 1 cikin 100 na nauyin ƙasa ba, a jigawar Nijar ma ko rabin haka ba su kai ba. Kusan duk ƙarfin gona yana cikin wannan ɗan siririn saman, kuma shi ne farkon abin da iska da ruwa ke ɗauka.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya takan ce ana iya shafe shekara 1,000 kafin a samu santimita 2 zuwa 3 na sabuwar ƙasa. David Montgomery, da ya tattara ma'aunai daga sassan duniya a 2007, ya samu cewa gonakin da ake huɗa da garma suna asarar wajen milimita 1 a shekara, ninki 10 zuwa 100 na saurin da ƙasa ke samuwa. Milimita 1 ba abin da ido zai gani ba ne. Amma a kan hekta guda ya haura tan 10, lodin tifa ke nan duk shekara, ba kuma kowace irin ƙasa ba, zaɓaɓɓiya.

Lokacin da abin ya fi muni sananne ne: ƙarshen bazara da farkon damina. An yi sharar gona, an ƙone abin da ya rage, dabbobi sun tattake ƙasa ta yi gari, babu ko ganye a kanta. Sai hadari ya taso daga gabas, iska ta riga ruwa isowa. Cikin 'yan mintoci rairayi ya tashi yana tsalle dab da ƙasa, kowace ƙwaya in ta faɗi ta tayar da wasu. Masu nauyi ba sa nisa, sukan tsaya a gindin shinge ko sabara. Masu laushi, waɗanda ke ɗauke da abincin shuka, su ke hawa sama su tafi. Geron da ya tsiro rairayi ya zane shi ko ya binne shi, manomi ya sake shuka, wani lokaci sau biyu ko uku.

Sai ruwan ya sauko, kuma ruwanmu ba ya zuwa da lallashi. Kano na samun fiye da abin da birnin Landan ke samu a shekara, amma cikin wata huɗu zuwa biyar, a 'yan mamakon da ba su da yawa. Ɗigon ruwa da ya bugi tsirarar ƙasa yana farfasa curinta, laushin ya toshe ƙofofi, in ya bushe ya yi ɓawo. Ruwa na gaba ba ya samun shiga, sai ya kwanta ya gudu yana share sama. Daga shara sai 'yan zirara, daga zirara sai kwazazzabo, wanda ke ci da baya, kansa na rubzawa yana hawa tudu duk damina. Inda saman ya ƙare ɗungum sai fako ya bayyana, ƙasa mai sheƙi da tauri wadda ko ciyawa ba ta yarda da ita. Masu binciken ruwa sun lura da wani abin mamaki a yammacin Nijar: bayan farin shekarun 1970 da 1980 ruwan sama ya ragu, amma wanda ke kwarara cikin ƙoramu ya ƙaru, saboda ƙasa ta daina sha. Jar ambaliyar da ke zuwa wa kogin Kwara a Yamai cikin Agusta da Satumba yanzu takan zarce wadda ke gangarowa daga Gini daga baya, kuma a Satumban 2020 ta kai wajen mita 7, abin da ba a taɓa aunawa ba. Jan launin ruwan gonakin mutane ne.

Akwai maganar da nake ganin ta ɓata mana lissafi, wato cewa hamada na tahowa daga arewa, tana cin kaza kilomita a shekara. Tsohuwar magana ce. Wani masanin gandun daji Bature, E. P. Stebbing, ya yayata ta a 1935, har Ingila da Faransa suka kafa hukumar haɗin gwiwa da ta bi iyakar Najeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937, ta dawo ta ce ba ta ga Sahara na tafiya ba, ta dai ga ɓarna a wuraren da aka matsa wa ƙasa. Tuddan rairayin da ke barazana ga ƙauyuka a Yusufari da Yunusari gaskiya ne, amma galibinsu tsofaffin tuddan wurin ne da aka tuɓe wa sutura suka sake motsi. Bambancin ba na malamai kaɗai ba ne. Wanda ya yarda abokin gaba daga nesa yake tahowa zai zuba kuɗi a layin itatuwa a kan iyaka, ya bar gonar da ke bayan gidansa tsirara.

Haka nan zargin da ake yi cewa yawan jama'a ne ke kashe ƙasa bai tsaya da ƙafarsa ko'ina ba. Michael Mortimore ya shafe shekaru yana nazarin karkarar da ke kewaye da birnin Kano, inda ake noma gona ɗaya duk shekara ba a barin saura, ya samu cewa ƙasar ba ta durƙushe ba. Dalili a fili yake: takin turke, da shara da tokar birni da jakuna ke fitarwa a mangala, da wake da gyaɗa a tsakanin dawa da gero, da harawa da ke komawa gona ta cikin tumaki, da itatuwan da kowa ya san mai su. Hannu da yawa na iya kashe ƙasa, yana kuma iya riƙe ta.

Gwamnati kuwa kwazazzabo take gani, don shi ke cin hanya da gida da maƙabarta, shi ake iya ɗauka a hoto. Ba a raina shi ba. Wanda ya ga na cikin garin Gwambe, balle na Agulu da Nanka a Anambra, ba zai ce a bar shi ba. Shirin NEWMAP da Bankin Duniya ya amince da shi a 2012 kan dala miliyan 500 ya fi mayar da hankali a nan, sannan ACReSAL ya biyo baya a ƙarshen 2021 da dala miliyan 700 don jihohin Arewa 19 da Abuja. Amma kwazazzabo alama ce ta cewa tudun da ke samansa ya daina shan ruwa. In an zuba kankare a bakinsa aka bar tudun yadda yake, ruwan zai nemi wata hanya. A cikin gari ma sau da yawa magudanar da aka gina aka sake ta a kan gangare ba tare da an kai ta kwari ba ita ke haifar da ramin, sai masu ɗibar yashi su ƙarasa.

Abin da ke tsayar da zaizaya tun daga tushe ba ɓoyayye ba ne, rufe ƙasa ne. Rattan Lal ya nuna haka a gwaje-gwajensa a cibiyar IITA ta Ibadan a shekarun 1970, inda barin ragowar amfanin gona a sama ya rage asarar ƙasa ƙwarai. A cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, inda ƙasa kashi 90 cikin 100 rairayi ce, an ga tan 2 na karan gero a hekta ya rage rairayin da iska ke kwasa da kusan rabi. Sai dai mai ba da wannan shawara ya kamata ya san darajar kara. Kara abincin dabba ne da rani, shi ne danga, shi ne makamashi, kuɗi ne a kasuwa. In ka bar shi a gona ma, wani zai kwashe ko dabbobin wani su cinye. Manomin da ya share gonarsa tas ba jahilci ne ya sa shi ba, lissafin bana ne ya fi ƙarfin na shekara ashirin.

Shi ya sa abin da ya faru a Nijar ya fi burge ni, don ya ƙara abin rufe ƙasa maimakon a yi ta rabon ɗan karan da ake da shi. A kwarin Majiya tun 1975 aka fara jera dogon yaro don karya iska. A Maraɗi, daga 1983, Tony Rinaudo da manoman da ya yi aiki da su suka koma ga kututturan da ke tohowa a gona duk shekara ana sare su: a zaɓi reshe biyu ko uku a bari, a datse sauran. Ba dashe, ba ban ruwa. Bayan shekara 20, hotunan sama suka nuna wajen hekta miliyan 5 a Maraɗi da Damagaram sun sake yin itatuwa, kimanin miliyan 200. Gawo na cikin waɗanda suka fi yawa a kudancin Damagaram, kuma kowa ya san halinsa: yana zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya yi ganye da rani dabbobi su kwanta a inuwarsa su bar taki. Abin bai yaɗu ba sai da manomi ya tabbata cewa itacen da ya raina nasa ne, ma'aikacin gandun daji ba zai ci shi tara don ya sari reshe ba. Wanda ke noman aro ko haya ko jingina har yanzu ba shi da wannan tabbaci, kuma ba za ka same shi yana jera duwatsu ko dasa gamba a gonar da za a karɓe baɗi ba.

Fako ma, in dai ba a kai ga marmara ba, yana iya dawowa. A 1989 wasu manoma daga Illela ta jihar Tawa suka ziyarci Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka da rani a kan busasshiyar ƙasa, a tara ƙasar ramin ta gefen gangare, a zuba ɗan taki a ciki. Takin na jawo gara, gara ta huda ɓawon, ramin ya tare ruwa da ƙurar da iska ta kawo, a shuka gero a ciki. Suka dawo suka inganta tassa, wato irin waɗannan ramuka da suka riga suka sani, aka haɗa da ramukan rabin wata a inda gangare ya fi faɗi. Aiki ne mai cin ƙarfi, dubban ramuka a hekta guda, cikin zafin bazara, kuma sabuwar ƙasa ba ta samu ba, ragowar da ke nan ce aka farfaɗo da ita. Cikin 'yan shekaru sai ga mutane a Illela suna sayen fako da kuɗinsu, filin da a da ko kyauta ba mai karɓa, har aka samu matasa masu sana'ar haƙa tassa ana biyansu.